Hajiya A-Sake ta bar ɗakin kati

Hajiya Ladidi Tijjani ta yi ritaya ranar Juma'ar da ta wuce daga ɗakin kati na wani asibiti a Kawo. Mutanen da suka zo walimarta ba su da yawa. Can baya akwai Malam Zakariyya, ma'aikacin gwamnati daga Unguwar Dosa. Bai zauna ba, bai kuma iya haɗa ido da ita ba.

Kullum da safe takan ɗauko fayilolin jiya, ta karanta abin da likita ya rubuta, ta sa wa kowace cuta lambarta. Da wannan lambar inshorar lafiya ke sanin ciwon da aka yi wa magani. In rubutu bai dace da magani ba, sai ta mayar wa likita, ta ce a sake. Shi ya sa ma'aikata ke ce mata Hajiya A-Sake, ba kuma don yabo ba.

Zakariyya ya san ta ne bayan haihuwar fari ta matarsa Nafisat, wadda ta daina barci, ta ƙi ba jaririn nono, sai kuka. Likita ya ce ciwon damuwa ne mai biyo bayan haihuwa. Shi kuwa taɓin hankali kunnensa ya ji. Ya hango 'yan ofis, ya hango dangi. Ya roƙi likitan, abokin yayansa, a rubuta zazzaɓi. Aka rubuta.

Washegari Hajiya ta mayar da fayil teburin likita. Zakariyya ya nufi tagarta a fusace.

"Hajiya, so kike a ce matata mahaukaciya ce?"

"Wa zai ce? Ni dai ban yi talla ba," in ji ta. "Ɗana, yaushe aka fara ba mai zazzaɓi wannan maganin? In na sa lambar zazzaɓi, kwana kaɗan za a yanke mata shi. Likitan da zai gan ta gaba kuma sauro zai yi ta nema."

Ya ce mata marar imani, a gaban layi. Wata nas da ke wurin ta ce Hajiya jira ta yi har aka gyara rubutun, ta sa lambar gaskiya, ta adana fayil ɗin inda ita kaɗai ke ɗaukowa. Nafisat ta gama shan maganinta, ta warware. Ba a taɓa jin maganar a ofis ba, ko a gidan suna.

Hajiya, ke ce kika riƙe gaskiya da sirri tare, alhali masu tsayawa a tagarki ɗaya kawai suke nema, su zage ki kan ɗayan. An gode, ko da godiyar ta makara. Allah ya saka da alheri. Masu aikin kati su koya: rufin asiri ba ya buƙatar ƙarya.

Da aka watse, ita ce ta iske Zakariyya a bakin ƙofa.

"Ina 'yata Nafisat?"

"Tana gaida ki," ya ce, kansa a ƙasa. "Ciki gare ta. Wata mai zuwa ake sa rai."

"To, ka faɗa wa likita duk abin da ya faru a haihuwar fari da bakinka."

Har ranar da ake rubuta wannan, asibitin bai naɗa wanda zai gaje ta ba.