Yaron Maƙwabtan Inna

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, don haka Inna ba ta kiran sunana. In aike ya taso, sai ta ce da ƙanwata, "Gaya ma wancan ya ɗebo ruwa," alhali ga ni tsaye a gabanta. Ba ta yabona, ba ta shiga maganata. Kunyar ɗan fari ce, kowa a Batsari ya san ta, amma ni tana ci mini rai, don na ɗauka ko kallona ba ta yi.

Shekarar da zan nemi shiga jami'a, Baffa, yayan mahaifinmu da ke Safana, ya aiko cewa likitanci zan karanta. Baba kuwa bai taɓa musa wa yayansa ba, ko a kan ranar shuka ce. Ni ilimin ƙasa da duwatsu nake so, so ba na wasa ba. Na yi ta ƙunci ni kaɗai, na rasa wanda zan kai wa kuka.

Wata safiya Inna ta ƙulle daddawa a leda, ta sa ƙanwata ta gaya mini in kai ita Innar Safana a babur. Da muka isa, ta durƙusa daga bakin ƙofar Baffa, ni kuma na raɓe a gindin bango. Aka gaisa, aka tambayi gida da gona da dabbobi, sannan ta sunkuyar da kai.

"Yaya, shawara na zo nema kan wani yaron maƙwabtanmu. Ana son ya yi likita. To yaron nan, ran layya bayan rumbu yake ɓuya har a wanke jini. Amma in ya ji ana ginar rijiya, ko a Karare ne, sai ya je. Ya wuni bakin rami yana murza ƙasa a hannu, ya dawo da aljihu cike da duwatsu. Ni dai majinyatan nake tausayi."

Baffa ya yi gyaran murya don ya danne dariya. Ya dube ni, ya dube ta.

"To ita uwar yaron, mi ta ce?"

"Uwar ba ta da bakin magana, Yaya. Na dai lura in tana shara, ɗaga duwatsun take ta share ƙarƙashinsu, ta maida kowane inda ta same shi."

Ashe duk shekarun nan tana gani. Matar da ba ta taɓa zama a aji ba, ga shi ta san abin da nake so, ta kuma samo hanyar tsaya mini ba tare da ta keta kunyarta ko ta taɓa girman Baffa ba. Har yau ban ga mai iya magana kamarta ba.

Baffa ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "A gaya ma maƙwabta, yaro ya je ya karanta duwatsunsa. Allah ya sa albarka."

A hanyar komawa hawaye suka cika mini ido, babur ya fara tangal-tangal. Na buɗe baki zan yi godiya, sai ta riga ni. Ba ƙanwata a kusa, dole ta yi mini magana da kanta.

"Dubi gabanka," ta ce, "kada ka kada ni."