Wuraren da Kaka Take Tsayawa

Idan ruwan farkon damina ya sauka a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, ƙamshin jiƙaƙƙen ganyen da ake naɗe goro da shi yakan cika lungunmu. Duk ranar da na shaƙe shi, sai in ji kamar hannun kakata ne ya sake kama nawa.

Ita ce ta haifi mahaifina. Da ƙuruciyarta ta biyo mijinta daga Arewa a jirgin ƙasa, shi yana fataucin goro, ita tana sayar da waina a ƙofar gida. Ba ta kiran sunana, don na mahaifiyarta aka sa mini. "Uwata" take ce mini. Kowace Juma'a da hantsi mukan kai wa wata tsohuwar aminiyarta waina can wajen Mokola. Tafiya ce gajera, amma mu sai mun kusan cinye safiyar, domin Kaka ba ta wuce wasu wurare sai ta tsaya.

Akwai wani faffaɗan dutse da ya yi santsi saboda zama. Nan ne, in ji ta, fataken farko suke sauke huhunan goro su huta, tun unguwar tana rabin daji. Gaba kaɗan akwai rijiyar da Hausawa da Yarabawa suka haƙa tare a wata shekara da ruwa ya yi wuya. A nan ta koyi gaisuwar Yarabanci, matan suna ta yi mata dariya. Ni kuwa hankalina yana kan 'yan wasan igiya, sai in riƙa jan gefen zanenta.

Wuri ɗaya ne ba ta ba da labarinsa. A bayan gidan da suka fara zama, jikin katanga, akwai fasasshiyar tukunya a kife, rabinta cikin ƙasa. Sai ta ajiye kwanon wainar, ta cire ciyawar da ta tsiro, ta daɗe leɓunanta suna motsi. Wata rana ana yayyafi na tambaye ta.

"Ɗana na fari ne," ta ce. "Kwana tara ya yi a duniya. Ki riƙe wurin nan, uwata."

Na ce to. Shekaruna ba su fi takwas ba, kuma ƙafafuna sun jiƙe, gida kawai nake son komawa.

Kaka ta rasu ina makarantar sakandare. Aure ya kai ni Bodija, 'ya'ya suka zo, hidima ta yi yawa. Ko na shigo Sabo, bisa okada nake wucewa, ban taɓa bin wancan lungun da ƙafa ba.

Bayan na tsufa ne 'yata ta haihu a wani birni na kudancin Amurka, na je yi mata jego. Garin akwai zafi da gumi kamar Ibadan. Da yamma surukina yakan fita da ni miƙe ƙafa, sai na lura da wasu allunan ƙarfe da aka kakkafa a bakin titi, cike da rubutu. Shi yake fassara mini. Wannan ya ce a nan tsohuwar tashar jirgi take. Wancan ya ce a nan aka taɓa sayar da mutane kamar awaki. Muka zo wani filin ajiye motoci, ya karanta allon, ya juyo gare ni.

"Mama, wai maƙabartar bayi ce a ƙarƙashin nan. Ba a san sunayensu ba, amma an san wurin."

Na nemi bakin titi na zauna. Ya zaci zafin rana ne, ya nemo mini ruwa. Ban iya gaya masa cewa an taɓa ba ni amanar wuri ɗaya tak a duniya, na yi shekara hamsin ban leƙa ba.

Satin da na dawo na tafi Sabo. Dutsen babu shi, an ce masu gyaran kwata sun farfasa. Rijiyar an rufe ta da siminti. Tsohon gidan kuwa magada sun sayar tuni, an rushe, an jera shaguna guda shida iri ɗaya, har katangar ba a bari ba.

Na je na ɗauko baffana, autan Kaka, shi kaɗai ya rage a cikinsu. A keke mai ƙafa uku na kawo shi, ina riƙe da sandarsa. Ya tsaya ya juya gabas, ya juya yamma, idanunsa da suka yi hazo suna ta neman abin kamawa.

"Da akwai bishiyar gwanda," ya ce. "In da gwandar nan tana nan, da na nuna miki."

Na tambaye shi sunan yaron, tunda ya kai ranar suna. Ya ce, "Inna ba ta taɓa faɗa ba, kin san kunyar ɗan fari." Na samu dattawan unguwa da maganar ko za a kafa wani ɗan allo, ko don dutsen da rijiyar. Suka saurare ni da mutunci. Ɗaya ya ce dutsen a hagu yake, wani ya rantse a dama. Aka ce za a duba, aka shafa fatiha.

Yaran yanzu ban ga laifinsu ba. An haife su sun tarar da shaguna, kuma mu da aka gaya wa ba mu gaya musu ba. Mai gyaran waya a shago na uku, wani saurayi da Hausarsa ta cakuɗe da Yarabanci, ya saba ganina. Yakan miƙo mini kujera ya ce, "Hajiya, yau ma addu'ar ce?"

Sai in ce ita ce. In karanta a ƙofarsa, in matsa ƙofar mai sayar da atamfa in sake karantawa, sannan ta gaba, har in ƙure layin, tunda ban san wanne ne a kansa ba.