Garmar da Kwamfuta Ta Kai Tsafe

Ko da tsufa zai kwashe min komai, ba na jin zai kwashe labarin garmar nan. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, ina malamin gona a ƙasar Bunguɗu. Ofishinmu na Gusau ya samu kwamfuta ta farko, tare da wani saurayi ɗan Kudu mai sarrafa ta, wanda muka laƙaba wa Injiniya. Yaron kirki ne, amma ko rigarka ce ta gogi teburin sai ya harare ka.

A shekarar aka ce za a ba manomin da ya fi kowa noman wake kyautar garmar shanu. Ni dai na san gwanina, wani dattijo a Furfuri, aminin mahaifina, wanda garmarsa ta karye, yana ta zagayen aro a gidajen 'ya'yan cikinsa. Buhu talatin ya samu. Na rubuta, na sa "buhu" a saman shafin, na ce masa ya fara share wurin ajiya.

Kowane malamin gona ya kawo takardunsa, Injiniya ya zauna ya zuba su a jadawali guda. Burinsa komai ya shige cikin ɗan faifan nan mai kamar biskit, don haka ya ɗauki suna da adadi kawai. Abin da muka rubuta a saman shafi da gefensa, ma'auni da ranar awo da wanda ya auna, ya ce surutu ne.

Sakamako ya fito: wani mutumin Tsafe ne na ɗaya da casa'in, dattijona yana can ƙasa. Wallahi raina ya ɓaci, na rasa da idon da zan dube shi. Na yi ƙorafi, Injiniya ya shafa kan na'urar ya ce, "Malam, ita ba ta ƙarya."

Muka ɗora garma a bayan mota, da maigidanmu da Injiniya da mai hoto, sai Tsafe. Gwarzon ya fito, ashe tela ne, da tef ɗin awo rataye a wuya. Maigida ya ce a kai mu rumbu mu ɗauki hoto. Mutumin ya shigar da mu zaure ya nuna buhu biyu da ɗan guntu a jingine.

"Ina sauran?" in ji maigida.

"Wane saura, ranka shi daɗe? Tiya casa'in nic ce, ga ta nan. Ni kaina da anka aiko na yi mamaki. Ko jaki ban da shi, mi zan yi da garma?"

Ashe abokin aikinmu na Tsafe da tiya yake awo, kamar yadda suke ciniki a bakin hanya, kuma ya rubuta hakan ɓaro-ɓaro a saman takardarsa. Injiniya ya daɗe yana kallon buhunan nan, sannan a hankali ya ce, "Oga, ba ta yi ƙarya ba. Ni ne ban gaya mata ba." Mai hoto ya yi dariya har ya zauna kan keken ɗinkin mutane.

Da aka koma lissafin buhu, ba wanda ya kai dattijona. Daga nan muka juya, muka ratsa Gusau ba tsayawa sai Furfuri. Dattijon ya shafa garmar, ya juya baya yana goge ido da hannun riga. Da ya ji yadda aka yi, sai ya dafa Injiniya ya ce, "Yaro, in anka ce maka ina da goma, tambaya ɗiya ko awaki, kada ka aiko min da dusa."

Injiniya ya sake aikin tun daga farko, ya buɗe wani jadawali kusa da na farkon, inda ya adana duk surutun da ya zubar, kuma bai ƙara barin ɗaya ya yi tafiya babu ɗayan ba. Ni ma tun ranar, duk wanda ya kawo min adadi tsirara, sai na ce ya koma ya sa masa riga, don na ga yadda casa'in ta kusa raba tsoho da haƙƙinsa.