Jinin Shanun Bawa

Malam Mika'ilu ɗan Gwandu ne, gidansu gidan malamai, amma shi karatun dabbobi ya yi. Shekara ashirin da biyu yana malamin dabbobi a Kalgo, da babur ɗinsa mai tari kamar tsohon mashayin taba. Mutum ne mai tsantseni, ba ya sa hannu a takardar da bai karanta ba.

A 1991 aka aiko masa da aiki. Wasu masana na son karanta ƙwayoyin gado na cutar sammore, wadda ƙudan tsando ke sa wa shanu, don su san irin da ke yankin. Nasa aikin mai sauƙi ne: ya tsaga kunnen saniya, ya ɗiga jini a 'yar takarda, ya shanya, ya aika. Inda aka ga cutar, can za a kai magani kafin damina.

Da ya je garin Diggi, Bawa mai garke ya tarye shi da tabarma da fura, ya sa aka koro masa shanu arba'in, kowacce sai sheƙi take. Mika'ilu ya ɗebi jini yana yaba kiwo, ya koma da farin ciki. Sakamako ya fito, babu sammore a Diggi. Ya karanta sau biyu ya sa hannu, magani ya wuce wasu garuruwa.

Kafin kaka Bawa ya rasa shanu goma sha tara. Mika'ilu ya zo ya tarar da wasu da bai gani ba a zuwansa na farko a tsaitsaye, ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, ido na zubar da ruwa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, don ko makaho ya shafa ya san ciwon ba na jiya ba ne.

"Bawa, ina waɗanga sunka shiga ran da niz zo?"

"Suna bayan ruga, Malam. Ni nis sa anka kau da su."

"Don mi?"

Bawa ya dube shi da mamaki na gaske. "Haba Malam! Baƙo shi tako ƙafa tun daga Kalgo, in hiddo mishi ramammun shanu?"

Mika'ilu ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tuna ranar bai tambaya ko akwai marasa lafiya ba, furarsa kawai ya sha. Ya tashi ya ce, "Kai ni bayan rugar."