Hancin Wendell Kruse

A kwarin Yakima in aka ce "Hanci", ba a tambayar wa ake nufi. Wendell Kruse ne. Tun yana saurayi yake aiki a gonakin hof, ɗan koren furen nan da ke ba giya ɗaci da ƙamshi. Sai ya murtsuke furen a tafin hannu, ya tusa fuska ciki, ya ɗago ya faɗi gonar da aka tsinko shi. Mutum ne mai son a yaba masa, ba zan ɓoye muku ba, amma ya ci yabon da guminsa.

Hunturun bara wata muguwar mura ta kwantar da shi. Ya warke sarai, sai dai hancin bai tashi tare da shi ba. Kofi ya koma ruwan zafi mai ɗaci, albasa da sabulu duk ɗaya. Ya bar aiki, ya ce gwiwa ce ta matsa masa. Bai faɗa wa kowa gaskiya ba, har 'yarsa Marcy, don a ganinsa in aka cire hanci babu sauran Wendell.

Ita kuwa Marcy ta buɗe ɗan gidan dafa giya a wani tsohon sito na tuffa. Giyarta ta farko jar giya ce mai launin zuma, ta cika mata hof, tana shirin fito da ita ranar bikin girbi. Kafin ta ɗura a ganguna sai ta kira ubanta.

"Baba, kamar ina jin warin man shanu a cikinta," in ji ta. "Amma na wuni ina shinshina, hancina ya gaji. Kai za ka raba gardama."

Duk mai sana'ar ya san wannan warin. Alama ce giya ba ta gama tsimuwa ba. In aka bar ta 'yan kwanaki a tanki tare da yis ɗinta sai ya ɓace, in kuwa aka raba ta da yis aka ɗura, shi ke nan babu gyara. Abin da Wendell zai ce bai wuce "nemi wani hancin" ba.

Maimakon haka sai ya karɓi kofin. Ya ɗaga shi saitin taga, ya yaba launi da kumfa, wannan dai ido ya gani. Ya shinshini hannun rigarsa yadda masu ɗanɗano ke yi don wanke hanci, ya juya kofin, ya tusa hanci, ya lumshe ido. Bai ji komai ba. Ya kurɓa ya haɗiye, don ɗacin hof a can ƙarshen harshe yake zama.

"Ɓawon lemo," ya ce a hankali. "Da ɗan ƙaron itace. Zaƙin tsiron sha'ir na biye. Ɗacin ya zauna daidai."

Maganar ɗacin ce kaɗai tasa, sauran duk haddar shekaru ce.

"Man shanun fa?"

"Wane man shanu? Ke dai kin cika tsoro, irin na uwarki. Ɗura abarki."

Ta rungume shi tana dariya. Ya koma mota ya daɗe zaune bai tayar ba, yana lallashin kansa cewa ai wataƙila babu warin.

Ranar biki Marcy ta rubuta a allo da alli: "Hanci ya ɗanɗana, ya amince." Jama'a suka yi layi. Wendell na gefe da sabuwar hula, yana kallon yadda mutane ke kurɓa ɗaya, su dubi juna, su ajiye kofi a kan damin ciyawa su sulale. Sai ga Lonnie Ybarra, tsohon abokin aikinsa, wanda bakinsa ba shi da linzami.

"Kai tsoho! Giya 'yarka ke sayarwa ko gugguru mai maiƙo? Man shanu har ya toshe min maƙogwaro!" Ya tura masa kofin a fuska. "Shinshina mana, kai da ke jin warin ɓera daga gonar maƙwabta."

Wendell ya shinshina. Ya rasa irin fuskar da ya kamata ya yi, sai ya tsaya da murmushi kamar wanda aka yi wa albishir. Dariyar Lonnie ta ɗauke. Ya dube shi, ya dubi kofin, ya ce, "Au." Wannan "au" ɗin ta fi wa Wendell zagi ciwo, kuma Marcy na tsaye a bayansu da tulu a hannu, ta ji. Kunya ta rufe Wendell har ya ji da ma ƙasa ta tsage. Yarinyar ta sa gefen hannu ta goge allon.

Washegari da safe ya same ta a siton tana kwance bakin gangunan, jar giyar na bin magudana da kumfarta. Ya ɗauki tiyo ya shiga wanke daɓe ba tare da an sa shi ba.

"Tun yaushe?" ta tambaya, ba ta juyo ba.

"Tun murar bara."

"Hancina ya gaya min gaskiya, Baba. Na ƙaryata shi don naka."

Ya ci gaba da wanke daɓe. Ta tari ragowar gangar ƙarshe a kofi, ta miƙa masa, idonta jawur.

"To ɗanɗana min. Amma wannan karon abin da ka ji kawai za ka faɗa."

Ya karɓa da hannu biyu. Bai ɗaga shi saitin taga ba, bai shinshini riga ba. Ya kurɓa, ya haɗiye, ya jira.

"Ɗacin kam ina jin sa," in ji shi.