Sukarin da ke cikin tuwo

Shekara ɗaya na yi a jami'a. Mutanen unguwarmu a Zuru har yau in suna so su tsokane ni sai su ce injiniya, ni kuma ina amsawa, don ba ni da lokacin gardama. Taki da maganin ciyawa nake sayarwa a kasuwa.

Na shiga ne a farkon shekarun dubu biyu, na riga na girmi kusan duk 'yan ajinmu. Fannin da aka ba ni wani haɗe-haɗe ne na aikin injiniya da ilimin halittu, ko sunansa ban iya fassara wa babana ba, da Hausa ko da yarenmu. Amma kafin a kai ga injin sai an bi ta kemistiri, kuma a nan na tsaya. A sakandaren da na yi ba mu taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, a allo ake zana mana ita. Ga ni cikin ɗaki ana ta lissafin ƙwayoyin da ido ba ya gani, yaran birni suna ɗaga hannu, ni ina kwafe abin da ban gane ba. Zangon farko na faɗi. Na biyu aka ƙara da kemistirin jikin mai rai, na sake faɗuwa, aka ce in tattara.

Abu guda ya zauna mini a kai cikin shekarar nan. An ba mu wani shuɗin ruwa, aka ce in an zuba shi kan abin da ke da sukari aka dafa, zai koma ja kamar jan bulo. Aka kuma nuna mana cewa a cikin miyan bakin mutum akwai wani sinadari da ke farfasa sitacin da ke cikin hatsi ya mai da shi sukari. Wannan na gane, don na gani da idona. Da zan taho, mai wanke kwalabe a ɗakin gwaji ya zuba mini ragowar shuɗin a kwalbar maganin tari, ya haɗa mini da 'yan kwalaben gwaji da bakinsu ya ɓantare. Abin da na dawo da shi gida ke nan.

Babana tsohon soja ne, Sajan ake ce masa. Da ya ajiye kaki ya koma gona, kuma ba abin da yake taƙama da shi irin dawarsa. Ranar da na dawo bai yi faɗa ba. Ya dube ni, ya dubi jakata, ya ce fartanya tana inda na bar ta.

A gonar na lura da shi. Ya rame, shan ruwa kuwa kamar ana zubawa a rami, kuma ba a jimawa sai ya zaga bayan bishiya. A gida na ga kiyashi sun yi cincirindo a inda yake tsugunawa bayan rumbu. Na san in ba a tare abin nan ba, zai ci shi. To amma ɗa ba ya zuwa wurin ubansa ya ce ba ni fitsarinka. Mamata na samu. Ta zage ni tukuna, ta ce karatun da na yo ke nan, sannan da safe ta kawo mini a gwangwanin madara, tana kau da kai. Na zuba shuɗin, na tsoma kwalbar a tukunyar ruwan zafi. Ya koma ja.

Da na gaya wa Baba, ga mamakina bai musa ba. Ya san ciwon suga, shi ya kashe wani da suka yi bariki tare. Ranar ya daina sa sukari a shayi, ya bar rake, ya bar lemon kwalba. Soja ne, in ya ce ya bari ya bari. Asibiti kam ya ce ba ya zuwa, tunda an gano abokin gaba an kuma rufe masa ƙofa. Ya ci gaba da tuwonsa malmala biyu manya, ɗumame da safe, kunu a gona, ranar kasuwa kuma ya taɓa burkutu da tsofaffin sojoji.

Na ce masa tuwon ma sukari ne in ya shiga ciki. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya ce dawar da ubansa ya ci ya yi shekaru yana hawan dutse, dawar da shi ya shuka da hannunsa, ita ce zan kira guba don na yi shekara guda ina ɗumama benci. Na ce ban ce guba ba, na ce a rage, kuma zan nuna masa.

Na zaɓi ranar Lahadi bayan an taso coci. Ashe abokin Baba na Dirin Daji ya zo, wani tsohon kofur mai baki kamar reza. Suna zaune gindin mangwaro na kawo risho da tukunya. Na ɗebi tuwo na dama da ruwa na zuba a kwalba ɗaya. Na sake ɗiba na sa a baki na yi ta tauna, su biyu suna kallona, har ya zama ruwa, na tofa a kwalba ta biyu. Na bar ta ta ɗan jima. Na zuba shuɗin a kowace, na dafa. Ta farko ta tsaya shuɗiya. Ta biyu ta yi kore, ta yi ruwan ɗorawa, ta nufi ja. Bai taɓa fita da kyau haka ba ko a makaranta.

Kofur ya karɓi kwalaben ya ɗaga su sama. Ya tambaye ni wacce ce dawar Sajan zalla, na nuna masa. Ya tambayi wacce ta bi ta bakina, na nuna.

"To Sajan, dawarka ta fita," in ji shi. "Yaron nan ne ke da sukari a baki. Daɗin bakin da ya cinye maka kuɗin fansho ke nan."

Baba ya yi dariya har da tari. Na fara bayanin sinadarin miyau, rabi Turanci rabi Hausa, ina bayani ina jin kaina kamar mai sayar da maganin basir a tasha. Kofur ya ce in miyau ne to in bar tofa wa mutane. Amsar tana nan, mai sauƙi: kwalba ta uku, miyau kaɗai ba tuwo, a dafa su ga ta tsaya shuɗiya. Wanda ya ci jarrabawa da ita zai fara. Ni sai bayan kwanaki ta zo mini, ina cikin yin huɗa. Kafin nan Baba ya riga ya ce kada ya sake ganin an wulaƙanta abinci a gidansa, Mama kuma ta juye shuɗin a masai don a zauna lafiya.

Haka muka yi damina biyu. Na yi magana har na gaji na bari. Da kaka, wajen yankan dawa, kututturen kara ya soke shi a tafin ƙafa. Ƙaramin ciwo ne, bai ma ji ba sai da ya ga jini a takalmi. Aka sa toka, aka sa man shanu, aka ɗaure. Ciwon ya ƙi rufewa. Da ƙafar ta fara wari ba wanda ya nemi izininsa, muka ɗauko mota.

Likitan da ya duba shi yaro ne, na girme shi. Ya ce ƙafar sai an cire daga ƙasan gwiwa. Bayan an yi aikin ya zo bakin gado da farar rigarsa, ya dunƙule hannu ya nuna wa Baba, ya ce daga yau tuwo kada ya wuce haka, kunu da burkutu a manta da su, a yawaita wake da ganye, don duk abin da aka yi da hatsi sukari yake komawa a ciki. Bai kawo kwalba ba, bai dafa komai ba. Baba ya miƙe wuya daga kwance ya ce, "Yassa."

Da likitan ya wuce ya juyo wurina. "Ka ji abin da ya ce? Ka je ka gaya wa uwarka, kada ka rage komai."

Na je na gaya mata.

Ya yi shekaru bayan haka da ƙafa ɗaya, bai taɓa ƙetare dunƙulen hannun nan ba. In baƙi suka zo gaishe shi sai ya yi musu darasi: tuwon nan da kuke gani, sukari ne ya sa kayan gida, likita ya ce. Su yi ta jinjina kai. Yawanci ina wurin, a gefe, ina sa wa sandarsa sabuwar roba.