Hannun Mama a Bakin Titi

Abin da na fara gani da muka sauka daga bas a PZ, za mu kasuwar Sabon Gari, shi ne hannun Mama riƙe da wuyan hannun taubashiyata. Ni ina gefe, rungume da jakar cefane.

'Yar kawuna ce, sa'ata, an kawo ta gidanmu a Samaru ta shiga makarantarmu. Ban damu da raba katifa da ita ba, ko raba nama. Amma hannun nan nawa ne tun ina ƙarama. Duk titin da za mu tsallaka, shi ke lalubo ni, Mama ko waiwayowa ba ta yi.

Na ce a raina ko don taubashiyar tawa tana hagun Mama ne. Da Asabar ta zagayo muka koma kasuwar Sabon Gari, sai na yi wuf na tsaya a hagu. Idon Mama na kan 'yan acaɓa, bakinta na ambaton abin da za ta saya, hannunta na dama ya fita ya cafke taubashiyata.

A gida muna gyaran alayyafo, na daure na ce, "Mama, kin daina riƙe ni a titi."

"To wa nake riƙewa?"

"Ita."

"Ni? Yaushe? Gandama-gandaman 'yan mata kamarku, wa zai riƙe ku?"

Taubashiyata ta kwashe da dariya. "A goya ki mana, 'yar lele. In ɗauko zani?"

Da ƙarya Mama ta yi, da ya fi min sauƙi. Da gaske ba ta sani ba. Wani wuri ne can cikinta ya yi zaɓi ba tare da ya shawarce ta ba, kuma ba ni ya zaɓa ba.

Na koma sa ido ina kasa kunne, har na gano. Da mun doshi kwalta, taubashiyata kan rage tafiya, silifas ɗinta ya fara sharar ƙasa. Daga ƙauye ta zo, motoci na firgita ta, ita ma ba ta san tana yi ba. Cikin hon da ihun masu baro, ban ga yadda kunne zai tsinci wannan 'yar ƙara ba. Amma tana farawa hannun ke tashi.

Na gwada da sandal ɗina na makaranta, na ja ƙafa sosai. Wannan kam Mama ta ji.

"Ɗaga ƙafarki, za ki cinye takalmin."

Kuma a lokacin hannunta yana kan waccan.

Ranar Juma'a da yamma na tarar da taubashiyata a bakin famfo tana goge silifas ɗin da soso. Shuɗi ne, dunduniyarsa ta cinye ta gefe guda. Na daɗe tsaye a kanta.

"Lafiya, 'yar lele? Ko goyon ne?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Gobe in za mu kasuwa, ki ara min silifas ɗinki. Ke ki sa nawa."